Shin in ka sayi kiripto ka ɗaure, ƙuri'arka za ta ƙara nauyi a Hive da Steemit?

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a fadarmu nan bayan Kasuwar Dole, an ɗora shayi na biyu ke nan, sai ɗan ƙanen babana ya jawo benci kusa da ni da wayarsa a hannu, gilashin duk ya tsattsage ta gefe, ya ce Yaya don Allah duba mini wannan abu ko ni ne ban gane ba. Rubutu ne ya yi a Hive, dandalin intanet da ake biyan masu rubutu da kiripto bisa ƙuri'ar masu karatu, a kan majema, yadda ake jiƙa fata, yadda ake kankare gashi, bagaruwar da ake sawa, har da hotunan da ya je da kansa ya ɗauka da sassafe, kwana biyu yana fama da shi ga forfe da ya ƙare masa sau biyu a kai. Mutum arba'in da wani abu suka danna masa ƙuri'a, amma kuɗin da ke rubuce a ƙasan rubutun ko sukarin shayin da muke sha ba zai saya ba. Sai ya gangara ƙasa kaɗan ya nuna mini wani, hoton kofin kofi ne a kan tebur da layi biyu na magana, mutum uku kacal suka zaɓa, kuɗin kuwa ya ninka nasa ba adadi. Ya ce wani ya gaya masa sirrin shi ne ka sayi kwabon ka ɗaure, daga nan ƙuri'arka ta yi nauyi, manya su fara ganinka, kuma shi ya fara tunanin ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi ya zuba kuɗin ciki.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in warware maganar a rubuce, don na san ba shi kaɗai ba ne, tun lokacin da aka yi ta danne-dannen Hamster da haƙar Pi samarinmu suka buɗe ido da kiripto, kuma wasu sun gangaro zuwa waɗannan dandalolin da ake cewa ka yi rubutu a biya ka.

Amsar a taƙaice e ce. Wanda ya gaya masa bai yi ƙarya ba. A Steemit da Hive da 'yan uwansu irin su Blurt, in ka sayi kwabon ka ɗaure shi, ƙuri'arka tana ƙara nauyi, kuma ba wata ɓoyayyiyar hanya ba ce ko wayo, haka aka gina abin tun ranar farko da gangan. Abin da bai gaya masa ba shi ne nauyin nawa, a kan me, kuma me zai bari a hannun kasuwa kafin ya same shi.

A Facebook laik ɗina da na gwamna ɗaya suke a ƙirga, ɗaya ɗaya ne. To a 2016 da Ned Scott da Dan Larimer suka kafa Steemit sun ce za su raba kuɗi ne ga masu rubutu bisa ƙuri'ar jama'a, kuma da zarar ka ce akwai kuɗi a kan laik ka san abin da zai biyo baya, mutum ɗaya zai buɗe kont dubu ya yi ta zaɓen kansa, tunda ba katin ɗan ƙasa ake nunawa ba kafin a buɗe. Maganin da suka kawo shi ne a daina ƙirga kawuna, a koma auna abin da kowane kai ya ajiye. Ka raba kuɗinka gida dubu a kont dubu, nauyinka bai ƙaru da ko ƙwaya ba. Dabarar ta toshe waccan ɓaraka, amma ta buɗe wannan da ƙanena ya gani da idonsa, mutum uku masu ajiya mai kauri sun fi mutum arba'in masu hannu wofi.

Kwabon da ke yawo, wato STEEM ko HIVE, wanda za ka iya turawa ko ka sayar yanzu-yanzu, ba ya ƙara wa ƙuri'a komi ko da miliyan ne ke kwance a walet ɗinka. Sai ka ɗaure shi, ya koma abin da ake kira Steem Power ko Hive Power, SP da HP a gajarce, sannan yake zama nauyi. Ɗaurewa kuwa daƙiƙa kaɗan ce, kwancewa ce aiki, a Hive sati 13 ake yi ana sako maka shi kashi-kashi duk mako, a Steem yanzu sati 4 ne, a farkon farawa ma sati 104 ne wato shekara biyu cur kafin a rage. Ku riƙe wannan sati 13 ɗin, za mu dawo kansa.

To kuɗin da ake rabawa daga ina yake fitowa, tunda mai ƙuri'a ba daga aljihunsa yake cirewa ba? Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sarƙar, wato bulokchen, rajistar da dandalin ke tafiya a kanta, ita da kanta take buga sabon kwabo, duk daƙiƙa uku ana rufe shafi ɗaya na rajista kuma sabon kuɗi yana fitowa tare da shi. A ƙarshen 2016 aka tsayar da bugun a kan kashi 9.5 cikin 100 a shekara, yana raguwa da kusan rabin kashi ɗaya kowace shekara har sai ya sauka zuwa 0.95. A Hive kashi 65 na sabon kuɗin nan ke shiga tukunyar masu rubutu da masu zaɓe, 15 ga masu ajiyar HP, 10 ga masu kula da rajista waɗanda ake kira shaidu, 10 ga asusun ayyuka. Mu 'yan Damagaram ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba, mun san ranar da ruwa ya zo famfon unguwa bayan kwana da kwanaki, ruwan da zai zubo an riga an ƙayyade shi, yawan layi ba ya ƙara shi, abin da ya rage kawai shi ne bidon wa za a tara. Ƙuri'a a Hive hannu ne da ke karkata bakin tiyo zuwa bidon wani. Mai HP da yawa hannunsa ya fi ƙarfi a kan tiyon. Kuma duk abin da ya karkata can, an rage shi ne daga bidon sauran, ciki har da na mai rubutun majema.

Saboda haka in ka sayi HP, ƙarfinka ba a auna shi da yawan abin da ka saya kawai, ana auna shi da yadda ya tsaya kusa da na duk sauran masu zaɓe. A ce nauyin duk ƙuri'un da aka kaɗa a mako mudu dubu ne, naka mudu ɗaya, kashi ɗaya cikin dubu na tukunyar kake juyawa. Ka ninka ajiyarka, naka ya zama mudu biyu. Amma in wasu manya suka shigo suka ɗaure nasu su ma, kai ba ka taɓa komi ba sai ka ga lambar da ƙuri'arka ke bayarwa ta yi ƙasa. Haka nan in farashin kwabon ya faɗi a kasuwa, HP ɗinka yana nan yadda yake, amma darajar ƙuri'ar a dalar Amurka ta zube tare da shi. In na ce dala a nan ku lura, wani wuri dalar Amurka nake nufi wani wuri tamu ta sefa biyar, zan riƙa bambantawa.

Kuma ba wai ka yi ta dannawa ba iyaka ba ne. Ƙarfin zaɓe kamar batirin waya yake, duk cikakkiyar ƙuri'a tana cin kusan kashi 2 cikin 100, yana kuma cika da kashi 20 a rana, ke nan kamar cikakkun ƙuri'u goma ne rabonka a yini in kana so ka kwana da abin da ka tashi da shi. Rubutu yana tara ƙuri'a na kwana bakwai sannan a biya, rabi na mai rubutu rabi na waɗanda suka zaɓa, kowa gwargwadon nauyin da ya sa. Da can kashi 75 ne na marubuci 25 na masu zaɓe, a watan Agustan 2019 aka mayar da shi raba-daidai. Wani abu ma da ke cin ƙananan kont a ɓoye, in abin da rubutu ko sharhi ya tara bai kai 0.02 na dalar Amurka ba ranar biya, ba a ba da komi, ya koma tukunya. Da yawa cikin mutum arba'in ɗin da suka zaɓi ƙanena sababbi ne irinsa, zuciyarsu ɗaya suka danna, amma nauyinsu a haɗe ƙura ce.

Wannan tsarin ma na yanzu ya fi na da sauƙi. A shekarar farko ta Steemit lissafin ba miƙaƙƙe ba ne, nauyin da rubutu ya tara ana ninka shi ne da kansa, rubutun da ya fi naka nauyi sau goma yana iya ɗaukar ninki ɗari na abin da ka samu, shi ya sa a lokacin in babban kifi bai leƙo ka ba ka yi aikin banza. Su can haka suke kiran mutane da sunan kifaye gwargwadon ajiya, daga 'yan tsaki har zuwa manyan da ke haɗiye kowa. A watan Yunin 2017 aka miƙe lissafin ya zama ninki biyu na ajiya ninki biyu na tasiri, aka yi ta murna an ce adalci ya zo, sai kuma wata cutar ta fito, tunda yanzu ƙuri'a tana da farashi sananne sai aka fara sayar da ita. Aka kafa na'urori masu tarin SP na aro, ka tura musu kuɗi da adireshin rubutunka su danna maka, shafin farko ya cika da rubutun da ba wanda ya karanta, masu rubutun kirki na can ƙasa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Gyaran 2019 ɗin nan shi ya zo da ƙuri'ar dannewa ta kyauta, kowa aka ba shi wani ƙaramin batiri daban, kwatan na zaɓe, don ya rage wa rubutun da yake ganin bai cancanta ba, kuma ita ce ta karya kasuwar na'urorin. Amma ita ma ƙuri'ar dannewar da nauyin ajiya take aiki. Babban kifi ɗaya in ya ga dama yana iya mayar da rubutunka sifili ko da mutum ɗari suka zaɓe ka, kuma ba alƙalin da za ka kai ƙara. Na ga an yi wa mutane haka a kan satar rubutu, kuma ya dace, na kuma ga an yi wa wasu a kan saɓanin ra'ayi kawai, wannan kam zalunci ne kowa ya faɗa.

Yanzu mu zo kan babur. Na ce masa kawo wayarka mu yi lissafi a nan gaban kowa. A ce an sayi babur ɗinka jikka ɗari huɗu, ka bi ta hannun masu canji ka mayar da sefa USDT, kwabon kiripto da ke bin darajar dalar Amurka, ka mayar da USDT ɗin HIVE, kowane mataki ana gutsurar wani abu amma mu bar wannan, mu ce duk ya shiga. In kana zaɓe kullum ba fashi, ƙuri'a goma a rana, abin da nake gani a nawa kont shekarun nan a kewayen kashi goma cikin ɗari yake a shekara in an haɗa kason zaɓe da ɗan abin da ake ƙara wa masu ajiya, wani lokaci ƙasa da haka. Jikka arba'in ke nan a shekara. Raba shi kwana 365, ya kama kamar dala ashirin da biyu tamu a rana, sefa 110. Na ce masa tsakaninka da Allah daga Birni zuwa tasha in ka ɗauki mutum ɗaya nawa yake ba ka? Ya yi shiru yana juya kofin shayi. Mai haɗa mana shayin, wanda ya girme mu duka, ya ce kai yaro babur ɗin nan shi ke ciyar da gyatumarka fa.

Kuma wannan lissafin na ranar da kasuwa ta tsaya cik ne, alhali ba ta tsayawa. A watan Janairun 2018 STEEM ɗaya ya haura dalar Amurka 7, kafin shekarar ta fita ya dawo ƙasa da rabin dala, har kamfanin Steemit ya sallami kusan kashi 70 na ma'aikatansa a watan Nuwamba na shekarar. Wanda ya sayi nauyi a saman nan ya ɗaure, yana kallo kuɗinsa ke narkewa, in ya ce zai gudu sai an yi sati 13 ana ɗiga masa. Mu da kuɗinmu ke manne da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya tun da aka kafa yuron ba ta motsa ba, ba mu saba da irin wannan girgizar ba, sai dai waɗanda ke kasuwanci da naira ta Magaria da Matameye, su sun san yadda kuɗi ke kwana da kauri ya tashi da rama. Kashi goma na riba ba ya rufe ramin sama da kashi casa'in na faɗuwa. Kuma rashin lafiya ko haihuwa ko suna ba sa jiran sati 13.

Ya ce to Yaya in na zaɓi kaina fa, ai rabin marubuci da rabin mai zaɓe duk nawa ne. Haka ne, doka ba ta hana ba, kuma lissafin zai kusan ninkuwa. Amma komi a fili yake a rajistar, kowa na iya buɗe kont ɗinka ya ga wa ka zaɓa tun ranar da ka shigo, kuma akwai masu sa ido da ba su da aiki sai wannan, da sun ga mutum ƙuri'unsa goma duk a kansa suke ƙarewa sai dannewa ta fara sauka, abin da ka tara ya koma tukunya, sunanka kuma ya ɓaci a wurin da suna shi ne jari.

Akwai inda mai ba shi shawara ya yi gaskiya fiye da yadda ni ma nake son in yarda. Mutane suna kula mai nauyi. Ranar da ƙuri'arka ta fara nuna lamba mai ɗan kauri, sai ka ga sharhi ya ƙaru a ƙarƙashin rubutunka, ana gaishe ka ana yaba hoton da jiya ba wanda ya kalla, domin kowa na fatan ka rama masa. Ɗan Adam ne, ko a nan garin wanda ya sauko daga mota ba a yi masa gaisuwar wanda ya zo a ƙasa. To amma a wane mataki ne wannan ke farawa? HP dubu ɗaya a farashin da aka daɗe ana gani ƙuri'arsa 'yan santi ne na dalar Amurka, ba wanda zai canza hanya saboda ita. Kafin ka kai inda manya za su san da zamanka ta hanyar kuɗi kawai, kana maganar abin da ya fi ƙarfin babur goma. Ita kuma lambar mutunci da ke gefen suna, wadda kowa ke farawa da 25, ba a sayenta kai tsaye da ajiya, tana hawa ne da ƙuri'un da wasu suka ba ka, kuma ba ta ƙara wa ƙuri'arka kuɗi ko kaɗan, mutane da yawa suna haɗa biyun nan.

Sannan akwai aro, wanda ya kamata duk sabon shiga ya sani. Mai HP yana iya ara maka nauyinsa ba tare da kuɗin ya bar hannunsa ba, kai ka yi zaɓe da shi, shi kuma ranar da ya so ya janye, bayan kwana biyar ya koma masa. Da wannan ne ƙungiyoyin masu tace rubutu suke tara nauyi mai yawa suna bin ƙananan marubuta suna ɗaga su, kuma a gaskiya yawancin wanda ka ga ya tashi daga ƙasa a Hive ta nan ya bi, wani mai tacewa ya ga aikinsa ya kai shi gaba. Rubutun majema irin abin da suke nema ne, abin da ba a kwafo daga ko'ina ba, hoton da babu shi a intanet sai a wayarka. Kuskuren ƙanena shi ne ya jefa shi a fili kawai bai sa shi cikin zauren da ya dace ba, wato rukunin masu rubutu a kan fanni ɗaya, kuma bai taɓa tsayawa ya yi sharhi mai ma'ana a rubutun kowa ba, yana jira a zo a same shi.

Duk wannan maganar kuɗin rubutu ce. Amma nauyin ajiya yana da wani aiki na biyu da ya fi wannan girma, kuma shi ne ni ya fi damuna. Waɗannan shaidun da na ambata, su ke riƙe da rajista, su ke amincewa da duk wani sauyin doka. Guda 20 ne na sama da ɗaya mai juyawa, ana zaɓensu ne da ƙuri'a, kowane kont yana iya zaɓen har 30, kuma ita ma wannan ƙuri'ar da nauyin ajiya take. In 17 cikin 21 suka yarda, doka ta canza. Ke nan wanda ya tara ajiya mai isa, mulkin gidan gaba ɗaya yake iya saya.

Kuma an yi, ba hasashe ba ne. A watan Fabrairun 2020 Justin Sun mai kamfanin kiripto na Tron ya sayi kamfanin Steemit, tare da tulin STEEM da kamfanin ya haƙa tun farkon farawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk kwabon da ke akwai, wanda jama'a suka daɗe da fahimtar cewa na gina dandalin ne ba na zaɓe ba. Shaidu suka tsorata suka yi sauri suka daskarar da wannan ajiyar. A farkon Maris sai ga manyan kasuwannin kiripto uku, Binance da Huobi da Poloniex, sun ɗauki STEEM ɗin da mutane suka ajiye a wurinsu amana, sun ɗaure shi, sun kaɗa ƙuri'a da shi, cikin ɗan lokaci aka share shaidu 20 ɗin nan aka dasa wasu sababbin kont na ɓangaren Sun. Ka duba abin nan da kyau, kuɗin talakawa aka yi amfani da shi aka tumɓuke waɗanda talakawan suka zaɓa, kuma da yake an ɗaure kuɗin, masu shi ma da suka zo cira sai da suka sha jira. Binance da Huobi sun janye ƙuri'unsu daga baya da surutu ya yi yawa, jama'a suka yi gangami suka kwato wasu kujeru, aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe ranar 20 ga Maris 2020 suka kwafi rajistar gaba ɗaya suka tashi suka kafa Hive, kowa aka ba shi HIVE daidai da STEEM ɗinsa ban da waccan ajiyar ta kamfani da wasu kont da suka mara wa Sun baya. A can Steem kuma cikin watan Mayu sababbin shaidun suka canza doka suka ƙwace STEEM sama da miliyan 23 daga kont na waɗanda suke ganin abokan gaba ne. Duk ɓangarorin biyu sun taɓa dukiyar da wani ke cewa tasa ce, kuma duk da ƙuri'ar nauyi aka yi.

Hive ta ɗauki darasi ɗaya daga nan, kafin 2020 ta ƙare aka sa doka cewa sabon HP da ka ɗaure ba zai yi aiki a zaɓen shaidu da na asusun ayyuka ba sai bayan kwana 30, don in wani ya shigo da buhun kuɗi a gan shi tun daga nesa. A zaɓen rubutu kuwa nan take yake aiki. Wannan jinkirin ƙararrawa ce kawai, bai canza tushen abin ba, har gobe mai ajiya mai yawa shi ke da babbar murya. Masu kare tsarin suna cewa ai wanda ya zuba dukiyarsa ba zai so gidan ya rushe ba, shi ya fi cancanta a saurara, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, mai rumfa a kasuwa ya fi ɗan kallo damuwa da gobara. Ni dai abin da na kasa haɗiyewa shi ne a kira wannan mulkin jama'a, a yi ta tallata shi ga yaranmu da sunan wurin da kowa ke da murya. Taron masu hannun jari ne da aka yi wa ado da hotuna da sharhi. In an faɗa wa mutum haka tun farko ya shiga da idonsa buɗe, ba ni da ja.

Ba kuma duk dandalin da ke kan bulokchen ne haka ba, irin su Farcaster da Lens laik ɗinsu ba a auna shi da ajiya a asalin ginin, saboda haka kafin ka sayi komi ka fara tambaya ko wurin da kake ma yana da wannan tsarin. Sannan a cikin Hive ɗin akwai ƙananan kwabbai na zauruka daban-daban da su ma ake ɗaurewa, nauyinsu a zaurensu kawai yake aiki, kasuwarsu kuma siririya ce, saye da sauƙi sayarwa da wuya. Batun ajiyar HBD, kwabon Hive da ke bin darajar dalar Amurka, da ake ba wa ƙari duk wata, wanda akwai lokacin da ya kai kashi 20 a shekara, wannan ni ban taɓa shi ba, kuma duk mai niyya ya fara zuwa gaban malaminsa ya kwatanta masa yadda abin yake dalla-dalla tukuna.

Ni kaina ina da HP, kada wani ya ɗauka zagin abin nake daga waje. Amma kusan duka daga ladan rubutu ya taru, domin duk biyan da aka yi wa marubuci rabinsa a ɗaure yake zuwa, in ka so ma ka ce a ɗaure maka duka. Sau biyu na taɓa saye da kuɗin aljihuna, kuma duk biyun kuɗin da na san in ya ƙone ba zan kasa sayen hatsi ba ne. Ɗan abin da ya kamata sabon shiga ya saya, in ma zai saya, shi ne wanda zai ba shi damar yin sharhi da rubutu ba tare da an ce masa ƙarfinsa ya ƙare ba, tunda tun 2018 ko sharhi za ka yi sai ka ci wani ɗan ƙarfi da ke rataye da ajiyarka, kuma wannan ba ya wuce kuɗin forfe na 'yan kwanaki, wani ma sai ya ara maka kyauta.

Abin da na yi masa ke nan a daren, na ara masa kaɗan daga nawa, na nuna masa yadda ake shiga zauruka ta Ecency da PeakD, manhajojin da ake shiga Hive da su, na ce ya koma majemar ya yi kashi na biyu a kan rini, yadda jar fatar nan tamu take samun launinta, ya rubuta da Hausa ya sa fassara a ƙasa, ya kuma ba kansa wata uku yana karanta na mutane yana amsa musu kamar yadda zai yi hira a fada. Ya ce to shaidun fa, shi ma yana da ƙuri'a? Na ce kana da guda 30, nauyinsu bai kai na gashin kaza ba amma ka kaɗa su, ka fara karanta su waye. Muna cikin haka wuta ta ɗauke, aka kunna fitilun waya aka zuba shayi na uku. Da safe wajen ƙarfe bakwai na hango shi ta bakin kasuwa ya ɗauko wata tsohuwa da buhun gero a baya.